Kaset ɗin da Muttaƙa Bai Juya Ba

Idan ka sauka a tashar Konni ka bi layin masu faci, kafin ka kai wurin mai tsire za ka ga wata rumfar kwano ta jingina da dogonyaro. Nan Muttaƙa mai gyaran rediyo ya shekara ashirin da biyar yana zaune, tabarau a kan hanci, ƙarfen narka dalma a cikin garwashi. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, kuma abin da ya gyara ba ya dawowa. Sai dai yana da doka guda wadda duk tashar ta sani: ba a kunna waƙar soyayya a rumfarsa. In ya gama gyara, da labaran duniya yake gwadawa ko da karatun Alƙur'ani. Saurayin da ya shigo wayarsa na rera irin waƙoƙin nan na zamani, Muttaƙa ba zai ce masa komai ba. Zai ajiye aiki ne kawai ya zuba masa ido ta saman tabarau har sai ya kashe.

Bayan la'asar rumfar takan zama fada. Ɗayyabu mai awon hatsi yakan zo da butar shayi, Yero dillalin awaki ya zo da sandarsa ya zauna a kan tsohon batir. Su ukun ba wanda ke da mace a gida, shi ya sa 'yan tasha ke kiran wurin fadar gwauraye, su kuma ba su taɓa musawa ba. Hirarsu ta farashin gero ce da labarin iyaka, amma da zarar ɗan kabu-kabu ya wuce da waƙa, shi ke nan an sami abin yi.

"Kun ji shi ko?" in ji Ɗayyabu. "Wai ko shekara ɗari yay yi, tana nan tana jira nai. Wace mace? Wane gari? Ku gwada mini ita in sai mata goro."

"Ni kwana tara niy yi wajen shanu," in ji Yero. "Na dawo na iske har tabarma ta naɗe."

Sai su yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki. Muttaƙa yakan bari su gama, sannan ya yanke hukunci ba tare da ya ɗaga kai ba: "Masu waƙan ga ba su taɓa zuwa cin rani ba." Kada wani ya ɗauka miyagun mutane ne. Ɗayyabu ko akuya ba ya iya duka. Abin da ke cinsu shi ne, mutum ya koma ɗaki ba mai ce masa sannu da zuwa, ga kuma wani yaro a rediyo yana rantsuwa cewa akwai matan da ke jira har abada. In akwai su, me ya sa naka rabon bai faɗo a kansu ba? Ya fi sauƙi mutum ya ce ƙarya ce.

Wata ranar Litinin ƙanwar Muttaƙa, Nasiba, ta zo daga Bazaga sayen magani, ta biyo ta rumfar. Ta gaida mutanen fada, ta zauna a gefen benci, ta yi ta juya bakin mayafinta.

"Yaya, ka san mijin Shatu ya rasu."

"Na ji. Allah shi jiƙan musulmi."

"Ta hita takaba. Ɗanta na Agadas ya zo, ranar kasuwar Badagishiri za shi tahi da ita, kuma ba dawowa za ta yi ba. Ka tahi ko gaisuwa ce ka yi. Shekara nawa kuna gaba kamar waɗanda sunka yi rigimar gona?"

"Ni ba ni gaba da kowa," in ji Muttaƙa, yana hura garwashi. "Wadda ba ta iya jira ba, mi za ni ce mata?"

Nasiba ta tashi ta kakkaɓe zanenta. Kwana uku ya rage, ta ce, in ya so ya yi ta zama.

Shatu ita ce matarsa ta fari. Ya auro ta daga Badagishiri yana ɗan shekara ashirin da huɗu, lokacin yana noma tare da mahaifinsa a Bazaga. Wanda ya san Muttaƙa na yanzu ba zai yarda ba, amma a wancan zamani shi ne saurayin da ya fi kowa son waƙa a garin. Yana da rakoda mai cin batir shida, ya ɗinka mata riga ta yadi, yana rataye ta a kafaɗa har gona. Akwai wata waƙa da ya fi so, wadda mawaƙin ke cewa ko tafki ya ƙafe ya tsage, masoyiyarsa ba za ta tashi daga bakinsa ba. Ita yake fito da baki in yana ɗaure jaki, ita yake fito in yana dawowa daga rijiya. Shatu takan ce tun daga bayan gari take sanin ya taho. In waƙar na ci, ko tuwo aka ajiye masa sai ta ƙare yake sa hannu.

Shekararsu guda da aure damina ta yi gardama, geron da aka samu bai cika rabin rumbu ba. Samarin Bazaga suka ɗaure kaya suka nufi Abijan, Muttaƙa a cikinsu. Ya bar wa Shatu rakodar da kaset-kaset ɗinsa, ya ce kafin shuka yana gida. A can ya fara tallan agogo da tocila, abin ya soma kyau, sai wata rana aka yi kamen 'yan tebur aka kwashe kayan kaf. Ya koma dako, daga baya ya raɓu da wani mai gyaran rediyo yana koyo. Shuka ta zo ta wuce. Kunyar komawa hannu rabbana ta riƙe shi, ya ce bari ya ƙara shekara guda.

A wancan lokaci ba wayar hannu, kuma mutanen ƙauye ba su cika son wasiƙa ba, don sai ka nemi ɗan lakwal, wato ɗan boko, ya rubuta, can ma a nemi wani ya karanta, sirrinka ya bi ta baki biyu. Kaset ake aikawa. A sami tsohon kaset na waƙa, a cusa takarda a ramukansa don ya ɗauki magana, a tara gida a tsakar gida, a ajiye rakoda a kan turmi. Maigida ya fara, sai baffanni, sai uwa, sai sauran jama'a, kowa da matsayinsa. A naɗe shi a tsumma a ba mai tafiya.

A shekararsa ta biyu irin wannan kaset ya iske Muttaƙa. Ranar Lahadi ce da rana, su takwas a ɗaki guda, duk suka kewaye rakodar wani ɗan Illela, don kaset ɗin gida na kowa ne. Mahaifinsa ya yi sallama ya ba da labarin gona da na wanda ya rasu da wanda ya haihu. Ana jin zakara a baya, ana jin daka. Baffa ya yi nasa, Inna ta yi ta sa albarka har muryarta ta karye. Muttaƙa yana ji, amma kunnensa na wani wuri. Can wajen ƙarshe aka ji Baba ya ce, "Ke Shatu, matso ki gaida mijinki." Sai wata 'yar murya can ƙasa ta ce, "Ina gaishe shi." Shi ke nan.

Kalma uku, bayan shekara biyu. Ya san sarai mace ba ta sakin baki gaban surukai, ya san ko sunansa ba za ta kama ba. Amma wanda ya kwana biyu yana cin garin rogo a ƙasar mutane ba ya tuna al'ada, zuciyarsa kawai yake ji. Ɗan Illelan ya juya kaset ko akwai saura. Sai ga waƙar nan ta tashi, ta tafki, ashe a kan tsohon kaset ɗinsa aka ɗauki maganar. Ɗakin ya ɗauki shewa. Wani ya ce amarya ta ƙi magana ta turo mawaƙi ya yi mata. Muttaƙa ya kai hannu ya danne rakodar, ya zare kaset ya jefa a aljihu. Tun daga ranar bai ƙara fito da waƙar ba.

Da ya tashi mayar da amsa, ya gaida Baba, ya gaida Inna, ya gaida baffanni da maƙwabta har da limamin gari. Bai ambaci Shatu ba ko da kalma. A ransa ramuwa ce ƙarama, ta ji yadda ya ji. Kaset na gaba ma haka, don ita ma ba a ƙara jin muryarta ba. Damina huɗu ta ƙara a gidan iyayensa tana daka tana ɗebo ruwa. A ta biyar iyayenta suka zo, aka zauna gaban malamai aka raba auren, daga baya ta auri wani mai lambun albasa a garinsu, Malam Chindo. Da Muttaƙa ya dawo a shekara ta takwas, da akwatin kayan gyara da atamfa turmi uku, ɗakin Shatu ya zama wurin ajiye harawa. Ya ba Nasiba atamfofin ya taho Konni. Ya ƙara aure sau biyu, ba wanda ya kai shekara, don ba macen da za ta iya zama da mutumin da kullum yake jiran ranar da za ta tafi.

Kaset ɗin kuwa bai yar ba. Yana cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin teburinsa. Lokaci-lokaci, in ba kowa, yakan saka shi ya ji Baba da Inna, waɗanda duk sun riga mu gidan gaskiya, ya ji kalma ukun nan, ya kashe. Sai ya zura biro a ramin kaset ɗin ya mayar da zaren farko da hannu. Bai taɓa juya shi ba. Me zai ji a baya, in ba waƙar da ta yi masa ƙarya ba?

Ranar Laraba, ana gobe kasuwar Badagishiri, Sirajo direba ya zo da rediyon motarsa a hannu. Sirajo mutumin Dogarawa ne, yana jigila a hanyar Tawa da wata tsohuwar mota wadda har yanzu kaset take ci, kuma ya rantse ba zai canza ba. Rediyon na cinye zare. Muttaƙa ya buɗe, ya canza roba, ya goge kai, ya haɗa da batir. Sai gwaji, kuma Sirajo ya baro kaset-kaset ɗinsa a mota, motar na wurin bakanike. Yau ina za ka sami kaset a tashar Konni? Muttaƙa ya sunkuya ya jawo gwangwanin madara.

Muryar Baba ta cika rumfar. Ɗayyabu ya tsaya da zuba shayi. Yero ya ce, "Allahu akbar, ji zakara." Suka yi tsit suna sauraron tsakar gidan da ta watse tun tuni, ana daka, wata akuya na kuka, Baffa na tari kafin ya fara magana. Kowa a cikinsu ya tuna nasa gidan. Aka zo kan "Ina gaishe shi," Ɗayyabu da Yero suka dubi juna, don sun san labarin. A nan Muttaƙa yake kashewa kullum, amma yau ya sunkuyar da kai ya bar zaren yana tafiya. Ya manta rediyon irin mai juya kanta ce in gefe ya ƙare. Aka ji ƙaras, sai ga waƙar tafki.

Muttaƙa ya kai hannu zai kashe, Sirajo ya riƙe shi.

"Haba Malam, bar ta. Ga magana ba a gane ko tana jan zare, sai ga kiɗi. Kai ma ka sani."

Gaskiya ne, kuma Muttaƙa ba ya ba da aikin da bai gwada ba. Ya tashi ya juya musu baya, ya tsuguna yana ɗauraye kofunan shayi waɗanda ba su da datti. Ɗayyabu ya fara tsokacinsa na kullum, ya ga ba mai taya shi, ya yi shiru. Waƙar ta yi ta tafiya har kiɗin ya sauka. Sai aka ji ƙarar danna maɓalli, aka ji numfashi kusa da rakoda, sannan murya ta fito, ta yarinya 'yar shekara ashirin, tana magana da sauri kamar mai tsoron a kama ta.

"Kai, ni ce. Ina ɗakin ƙawata Zahara'u, ni anka ba kaset in kai ma mai tahiya. Gaban su Baba ban iya magana, ka sani. Na bar maka waƙar taka, don na san ba ka kashe ta sai ta ƙare. To ka ji. Ni ban son atamfa, ban son komi. An ce kayanka sun tahi, to su tahi. Ka zo ko da rigar jikinka. In ba ka iya zuwa yanzu, in za ka aiko kaset ka sa kalma guda, ka ce a gaida Shatu. In na ji haka na san in jira, ko shekara goma ce. In ban ji ba, na san ka gama da ni. Shi ke nan. Wani na zuwa."

Ƙaras. Sai waƙa ta biyu ta ci gaba daga tsakiya.

Kofin da ke hannun Muttaƙa ya cika ya tumbatsa, ruwan buta na zuba a kan takalminsa. Yero ya miƙa sanda ya kashe rediyon. Shekara talatin da ɗaya maganar nan tana cikin gwangwanin madara, tazarar waƙa guda tsakaninta da kunnensa, shi kuma yana zaune a kanta yana gaya wa duniya cewa mata ba su jira. Muttaƙa ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, har ta fi baƙin cikin yawa.

"Sirajo," ya ce, bai juyo ba, "ƙarhe nawa kaka tashi gobe?"

Da hantsi suka isa Badagishiri. Kasuwa ta fara cika, amalanken jakuna na shigowa da buhunan albasa daga fadama. Rabonsa da garin tun ranar da aka kai gaisuwar surukai, amma ƙafarsa ba ta ɓata ba sai sau ɗaya. A ƙofar gidan marigayi Malam Chindo wata mota ta tsaya, wani magidanci na ɗaure katifa a samanta. Muttaƙa ya yi masa ta'aziyya, ya ce shi baƙo ne daga Konni, yana son gaida mahaifiyarsa.

Ta fito zaure da carbi a hannu. Ta yi ƙiba, gashin da ya leƙo ta gefen kallabi ya yi fari. Ta dube shi sau ɗaya ta gane shi, ta zauna a bakin tabarma nesa kaɗan. Suka gaisa gaisuwar manya, ya yi mata ta'aziyya, ta amsa, ta tambayi Nasiba. Gaisuwa ta ƙare, ya rasa ta inda zai fara. Sai ya zaro kaset ɗin ya ajiye a kan tabarma tsakaninsu.

"Na ji saƙonki."

"Wane saƙo, Malam?"

"Na bayan waƙa. Jiya nij ji shi."

Ta dubi kaset ɗin, ta dube shi.

"Jiya?"

"Jiya da la'asar. Ban taɓa juya shi ba, Shatu. Da waƙar tat tashi nik kashe."

Ta sa mayafi ta rufe baki. Ya ɗauka kuka take, ashe dariya ce, daga baya kuma ta zama kukan. Ta share ido da gefen mayafin.

"Kai da ko tuwo ba ka ci sai ta ƙare! Ni kuwa kaset ɗinka ya zo, anka kunna tsakar gida, ina bayan rumbu ina saurare. Ka gaida kowa har liman. Nic ce to, ya ji, amsar ke nan. Duk da haka sai da nik ƙara damina huɗu, ko za ka sake shawara."

"Laihina ne."

"Naka ne," ta ce, ba da zafi ba.

Daga waje ɗanta ya ce an gama ɗauri, rana na yi. Muttaƙa ya ji maganar ta taso masa, ya san ba ta da amfani, amma ya faɗa.

"In na ce yanzu a gaida Shatu hwa?"

Ta yi murmushi. "Ta amsa. Amma mota na jira, Malam, jikokina na can. Malam Chindo ya riƙe ni shekara ashirin da shida, bai taɓa bari na kwana ina tambayar kaina ba, Allah shi yi mai rahama. Ban da abin da zan ce da Allah sai godiya." Ta ja carbinta. "Amma na ji daɗi da kaz zo. Da na tahi Agadas da zaton ƙi na kay yi. Ashe wauta ce kawai."

"Wauta ce."

Ta tashi, ta shiga ciki, ta dawo da albasa a ƙullin leda, ta ƙarshen lambun, ta ajiye masa. Ya tura mata kaset ɗin, ta girgiza kai ta ce nasa ne, tun can shi aka aika wa. A bakin zaure ta juyo.

"Har yanzu kana hito da waƙar nan?"

"Na bari."

"Ka yi asara," ta ce. "Ka iya ta."

Ya tsaya a ƙofar gidan har motar ta hau kwalta ta nufi Tawa.

Washegari bayan la'asar fada ta zauna kamar kullum. Ba wanda ya tambaye shi yadda aka yi, ganin albasar a kan tebur ya ishe su. Ana cikin shayi na biyu wani ɗan kabu-kabu ya tsaya gaban rumfar yana jiran fasinja, wayarsa na rera wata sabuwar waƙa, yaro na rantsuwa cewa tasa ba za ta taɓa juya masa baya ba. Da ya ga inda ya tsaya, ya yi sauri zai kashe. Ɗayyabu kuma ya gyara zama, ya ce, "Kun ji wani maƙaryacin kuma..."

"Ɗayyabu," in ji Muttaƙa. "Bar ta ta ƙare."

Suka zauna su uku, da ɗan kabu-kabun da ya rasa abin da ke faruwa, har waƙar ta kai ƙarshe. Kiɗin ya sauka, wayar ta yi shiru. Muttaƙa bai koma kan aikinsa ba tukuna. Ya ɗan karkata kai, ƙarfen dalma na hucewa a hannunsa, yana sauraro.